Gida Bai Ƙoshi Ba, A Kai Wa Dawa?

Wanda ya tashi a wannan yanki namu na wajen ganuwar Zariya, daga Jushi zuwa Sabon Gari har a dangana da Samaru, ya saba ganin baƙon da ke zuwa da sunan taimako. Likita Miller, ɗan mishan, ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, kafin mishan ɗinsu ta koma Wusasa a 1929 da makarantarta da asibitinta. Gonar binciken noma ta Samaru ta fara aiki a 1922, kuma a gefenta aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, shugabanta na farko ma mutumin New Zealand ne, Norman Alexander. A shekarun da suka biyo bayan samun 'yancin kai, samari da 'yan mata masu aikin sa-kai suka cika makarantunmu na sakandare: 'yan VSO daga Ingila, ƙungiyar da aka kafa a 1958, da 'yan Peace Corps daga Amurka, wadda Shugaba Kennedy ya ƙirƙiro a 1961. Ni kaina a hannun irinsu na fara sanin kimiyya. Saboda haka idan ana zancen mutum ya bar ƙasarsa ya je wata ya yi hidima, mu mun san ɗanɗanon abin ta ɓangaren mai karɓa.

Yanzu kuma mu ne ke aikawa. A 1987, zamanin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Bolaji Akinyemi ke ministan harkokin waje, Najeriya ta kafa shirin da ake kira TAC, wanda ke tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi zuwa ƙasashen Afirka da tsibiran Karebiya da na Fasifik, su yi shekara biyu su dawo. Najeriya ke biyansu alawus, ƙasar da ta karɓe su kuma ta ba su masauki. 'Yan ƙasar nan sun koyar a Gambiya da Saliyo da Jamaika da Fiji, sun kuma riƙe azuzuwa a Jami'ar Musulunci ta Yuganda da ke Mbale. A ƙarshen 2014, da Ebola ta addabi Laberiya da Saliyo, ma'aikatan lafiyarmu fiye da ɗari sun tafi can a ƙarƙashin tutar Tarayyar Afirka, suna sane da cewa cutar ta kashe Dakta Stella Adadevoh a Legas 'yan watanni kafin nan.

Abin ya shigo gidanmu ta hannun ɗan ƙanwata, malamin lissafi a wata sakandaren gwamnati da ke nan ƙaramar hukumar Sabon Gari. Ya cike takardar TAC, aka kira shi ganawa, sai gida ya rabu biyu. Baffansa, yayan mahaifinsa marigayi, ya kafe a kan magana ɗaya: gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ya ce yaran Jushi da Chikaji da Muchiya da ke faɗuwa lissafi duk shekara su ne suka fi cancanta da guminsa, kuma mutumin da zai tsallake su ya je ya koyar da 'ya'yan wasu a ƙetare ya zama inuwar giginya, na nesa ka sha. Ƙanwata ta zo mini da maganar da daddare. “Yaya,” ta ce, “ni dai ina so in sani, idan na sa masa albarka ya tafi, ban taya shi cin amanar kowa ba?”

Tambayarta ta fi ta Baffan zurfi, domin ita ba ta tambayi riba ko asara ba, hakki ta tambaya. Shin na kusa ya fi na nesa hakki a kanka? In ya fi, har zuwa ina?

Baffan yana da hujja, kuma ba ƙarama ba. Addininmu ya jera mutane daki-daki wajen ciyarwa, ya fara da iyaye da dangi kafin ya kai ga bare. Da Abu Ɗalha ya so ya sadaukar da gonarsa Bairuha, wadda ya fi so a duk dukiyarsa a Madina, Annabi (SAW) ya shawarce shi ya raba wa danginsa. Da aka aiki Mu'azu ɗan Jabal Yaman, umarnin da aka ba shi a kan zakka shi ne a karɓa daga mawadatan garin a mayar wa matalautansu. A kan wannan ne malamanmu na Malikiyya suka gina hukuncin cewa zakka a inda ta wajaba ake rabata, ko kusa da nan, ba a ɗauke ta a wuce nisan da ake kasaru, wato kusan tazarar da ke tsakanin Zariya da Kaduna. Akwai kuma mutumin da ya zo neman izinin fita jihadi, aka tambaye shi ko iyayensa na raye, da ya ce suna nan sai aka mayar da shi ya je ya yi ƙoƙarinsa a kansu. Duk wanda ya san waɗannan ba zai yi wa Baffa dariya ba.

Sai dai hukuncin zakkar yana da wutsiya, wadda masu kafa hujja da shi kan manta. Malaman da suka hana a ɗauke ta su ne suka ce idan na nesa sun fi tsananin buƙata, a kai musu. A shekarar yunwar da ta faɗa wa Madina zamanin Sayyidina Umar, daga Sham aka yi ta koro ayarin abinci, ba wanda ya ce a bari sai kowane gida a Sham ya ƙoshi tukuna. Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mus'abu ɗan Umair. Lokacin da aka tura shi Yasriba, wato Madina, ya koyar da mutanenta, Musulmin Makka 'yan tsiraru ne, ana azabtar da su, suna buƙatar kowane mai ilimi da ke cikinsu. Gida bai ƙoshi ba ko kaɗan, aka kai wa dawa, dawar ce kuma ta zama gida daga baya. Mu ma nan ƙasar Hausa da hakan muka samu. Wangarawan da suka iso Kano zamanin Sarki Yaji, da Shehu Magili da ya zo zamanin Muhammadu Rumfa, sun baro garuruwan da ba a rasa jahilai a cikinsu ba. Da kowa ya jira gidansa ya ƙoshi, da har yau ba wanda ya motsa, domin ban taɓa jin garin da buƙata ta ƙare a cikinsa ba.

Masu falsafar Turai ma sun yi wannan muhawara. A 1972 wani masani ɗan Ostareliya, Peter Singer, ya yi rubutu a kan bala'in da ya sami mutanen Gabashin Bengal a shekarar da ta gabata. Ya kawo misalin mutumin da ke wucewa ya ga yaro na nutsewa a kududdufi: dole ya shiga ya ciro shi, ko da tufafinsa za su ɓaci. Daga nan ya ce nisa ba ya canza komai, yaron da ke mutuwa a wata nahiya daidai yake da wanda ke gabanka. Rabin maganarsa gaskiya ce, domin rai rai ne, kuma maƙwabtanmu Kirista na Sabon Gari suna da labarin Basamariyen nan da ya tsaya ya taimaki wanda ba ɗan ƙabilarsa ba bayan nasa sun wuce shi. Inda na rabu da Singer shi ne, ya ɗauki mutum kamar wanda ba ya ɗauke da alkawarin kowa. Mai wucewa ta bakin kududdufin nan wataƙila nasa ɗan yana goye a bayansa. In ya ajiye shi a bakin ruwa ya faɗa ceto, ya dawo ya tarar nasa ya gangara, ba za mu ce ya kyauta ba.

A nan ne fiƙihunmu ya fi ba ni haske, da ya raba wajibi gida biyu. Akwai farali na aini, wanda ke wuyanka kai kaɗai, ba mai sauke maka: mahaifiyarka, matarka, 'ya'yanka, aikin da ka karɓi albashi a kansa. Akwai farali na kifaya, wanda ke wuyan al'umma baki ɗaya, in wasu suka yi ya faɗi a kan saura, in kowa ya ƙi kowa ya yi laifi. Koyar da yaran Gambiya da jinyar masu Ebola a Saliyo suna cikin na biyun, kuma shi wannan farali bai san iyakar da Turawa suka shata ba. Mun gani da idonmu a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Likitocin ƙungiyar MSF ne suka fara ankarar da duniya, suka kafa wurin jinya, suka yi shekara da shekaru suna ba yaran magani. Da su ma sun ce sai asibitocin ƙasashensu sun ƙoshi, Allah kaɗai ya san adadin ƙananan kaburburan da za a ƙara a Dareta da Bagega. Wanda ya sha irin wannan inuwa bai kamata ya yi rowar tasa ba.

Ma'aunin ke nan a wurina: kada ka sayi na kifaya da kuɗin na aini. Da na auna ɗan ƙanwata da shi, sai na ga mahaifiyarsa tana da wasu 'ya'yan a kusa da ita, kuma ba ta hana ba. Matarsa ta yarda. Inda gizo ke saƙar shi ne makaranta, domin su biyu ne kacal ke koyar da lissafi a manyan azuzuwa, ga yara 'yan ajin ƙarshe da jarrabawa a gabansu. Na ce masa waɗannan amana ce da ya riga ya karɓa, ba ya da ikon ya watsar da su a tsakiyar zango don wani alheri da ke jiransa a ƙetare. Ya kai su bakin jarrabawa, ya zauna da abokin aikinsa da ɗan bautar ƙasan da aka turo musu ya miƙa musu komai a rubuce, sannan ya tafi da izinin hukumar da ta ɗauke shi aiki. Cike gurbinsa bayan nan hakkin hukuma ne. Ba adalci ba ne a ɗaure malami ɗaya a turke har ya tsufa saboda waɗanda ya kamata su ɗauki malamai sun ƙi ɗauka.

Baffa ya sake ɓullowa ta wata ƙofa. Ya ce a daina yaudarar kai da sunan lada, dala yaron nan ya hango. Na tambayi yaron a gaban kowa, bai kuma ɓoye ba. “Kawu,” ya ce, “wallahi duka biyun ne. Ina so in amfanar, ina kuma so in dawo in rufa ɗakin da na fara tun kafin a haifi babbar 'yata.” Amsar ta burge ni fiye da a ce ya yi mini wa'azi. Duk wanda ya san albashin malamin sakandare, ya kuma san farashin buhun masara a kasuwar Sabon Gari, ba zai ga laifinsa ba. Shari'a ma ba ta gani ba. Masu aikin tattara zakka an yanka musu kaso a cikinta ko da mawadata ne. An halatta wa alhaji ya yi fatauci a lokacin aikin Hajji. Sayyidina Umar ya taɓa ƙin karɓar abin da aka ba shi, yana cewa a bai wa wanda ya fi shi buƙata, aka ce masa ya karɓa tunda bai roƙa ba, bai kuma sa rai ba. Alawus ba ya cinye lada. Hasali ma wanda ake biya ya fi sauƙin riƙewa da alhaki, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi kuwa mai cewa kyauta yake yi, ranar da ya ga dama sai ya naɗe tabarmarsa, ba mai ce masa don me.

Abin da ke cinye ladan daban ne, kuma Alƙur'ani ya ambace shi a Suratul Baƙara, inda ya yi gargaɗin kada a ɓata sadaka da gori da cutarwa. A nan ne mu da aka yi wa hidima muke da abin faɗa wa 'ya'yanmu masu tafiya.

A watan Oktoba na 1961, wata budurwa 'yar Peace Corps mai suna Margery Michelmore, tana cikin rukunin farko da ke karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta a Amurka katin gaisuwa. A ciki ta bayyana yadda ƙazanta da ƙauyancin rayuwar da ta gani suka girgiza ta. Katin bai kai Amurka ba, ya faɗa hannun ɗalibai, suka kwafe shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, ita kuma ta bar ƙasar. Na sha tunani a kan wannan kati. Yarinyar ba muguwa ba ce, ta baro jin daɗin gidansu da niyyar taimako, kuma wasu abubuwan da ta lissafa akwai su. Abin da ya ƙona wa ɗaliban Ibadan rai shi ne an zo gidansu shekara ɗaya da samun 'yanci, an kalle su, ba a ga komai ba sai rashinsu. Ba ta ga masaƙa da 'yan kasuwa da malamai ba, ba ta ga ɗaliban da ke zaune kusa da ita suna karanta Latin da likitanci ba. Gori ba sai an ce “na yi maka” ba. Kallon ma da ke mayar da mutum buƙata tsagwaronta gori ne. Shekara bakwai bayan haka, a 1968, wani limamin Katolika mai suna Ivan Illich ya tsaya gaban matasan Amurka masu shirin aikin sa-kai a Meziko ya ce musu su zo yawon buɗe ido ko karatu in suna so, amma su daina zuwa da sunan ceto. Ya yi tsauri, ban bi shi har can ba, amma na gane abin da ya ƙule shi.

Malamar da ta koya mana kimiyya, Baturiyar Ingila ce 'yar sa-kai, ita ce hujjata a kan Illich. Hausarta ta fi kama da ta mai koyon tafiya, muna dariya tana dariya, amma ba ta taɓa wuce maigadin makaranta ba ta tsaya ta gaishe shi ta tambayi iyali ba. Da ta tarar ɗakin gwaje-gwajenmu ba kayan kirki, ba ta zauna rubuta wa gida ƙorafi ba. Ta ɗauki mai kula da ɗakin, wani dattijo da kowa ke aike kamar yaro, suka shiga Sabon Gari wurin maƙera da masu gyaran rediyo, suka harhaɗa abin da za a iya da gwangwani da waya da tsohon batir. Takan ce shi ne ya san inda komai yake, ita rakiya ta yi. Ranar da wa'adinta ya cika ta tafi, ɗakin bai mutu ba, domin ta bar mutumin da ya iya, wanda kuma yanzu ake kira da sunansa ana girmama shi. Wasu da suka zo tare da ita ba mu riƙe ko kamanninsu ba. Abin da na tuna da ɗayansu shi ne kyamararsa, da yadda yake bin almajirai da kutare a bakin tasha, bai taɓa juya ta ga maɗaba'ar Gaskiya ko gonakin gwaji na Samaru ba.

Kada mu ɗauka wannan ciwon Turawa ne kaɗai. Dubi yadda muke raba shinkafa da azumi, waya a sama, fuskar gwauruwa a intanet kafin ta kai ƙofar gidanta. Saurari yadda wasunmu ke zancen mutanen Nijar, ko yadda ɗan birni ke zancen na ƙauye. Ɗan Najeriya da ya tashi yana jin ana kiran ƙasarsa giwar Afirka yana iya sauka Banjul da hancin da ya fi na kowane Bature tsawo. An ruwaito cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hisabi akwai mai kyauta da malami da wanda ya mutu a fagen fama, kowannensu ya yi aikin ne don a faɗa, kuma an faɗa. Duk wanda zai hau jirgi da sunan hidima ya kamata wannan ya hana shi barci fiye da tambayar alawus.

Mus'abu, in aka lura, bai je Yasriba da gaban kansa ba. Mutanen garin ne suka nemi malami, ya kuma sauka a gidan ɗan gari, As'adu ɗan Zurara, shi ke shiga da shi unguwa-unguwa yana nuna masa wa ake fara gaisarwa. Mu'azu ma kafin ya tashi sai da aka faɗa masa irin mutanen da zai tarar, aka gargaɗe shi da addu'ar wanda aka zalunta. Wannan ne ya sa nake ganin tsarin TAC, duk da kurakuransa, ya fi tafiyar mako biyu da ake yi a gidan marayu don a ɗauki hoto: ƙasar ce ke rubutowa ta ce ga irin ma'aikacin da take so, mai tafiyar ƙwararre ne a fanninsa, kuma shekara biyu ta isa mutum ya koyi gaisuwa da Mandinka ko Wolof, ya halarci suna da jana'iza, ya gane cewa shugaban makarantar da aka kai shi ya fi shi sanin yaran garin.

Na ce wa ƙanwata ta sa masa albarka, ba ta taya shi cin amanar kowa ba matuƙar ya kai ɗalibansa jarrabawa kafin ya tashi. Shi kuma na ce masa ya je a matsayin ma'aikaci a ƙarƙashin masu gida, ya bar wanda zai riƙe ajin bayansa a can kamar yadda zai bari a nan, kuma kada in ga hoton ɗan kowa a Facebook ɗinsa ba da izinin iyayensa ba. Baffansa har yanzu bai sauko ba, yana nan a kan cewa yaran Jushi aka zalunta. Ga hukumomin ilimi na jiharmu kuwa, roƙona ɗaya ne: duk malamin da kuka sa hannu kuka sallama ya tafi ƙetare, ku turo wani ya tsaya a gaban allonsa kafin sabon zango ya kama.